Kogin Da Ya Ratse Ta Tagar Aji Uku

Tun ranar da aka ba Malam aji biyu ya rantse ba zai koya wa yara jiharsu a kan allo ba. Allo, in ji shi, ba shi da iska, ba shi da ƙanshin ƙasa. Sai ya kwashe su zuwa filin makaranta ya raba musu jihar kamar gado. Wani ɓulelen yaro mai son zama ya zama Dutse. Tagwayen ajin suka riƙe hannun juna suka zama Tsohuwar Gada, wadda kakanni suka yi dakon duwatsunta a ka. Wata 'yar siririya da ƙafarta ba ta san hutu ba ta zama Kogi. Aikinta ta taso da gudu daga bayan Dutse, ta sunkuya ta ƙarƙashin Gada, ta faɗa Tafki, can gindin famfo.

Da daɗi ya kwashe shi, sai ya yi musu alkawarin kai su ganin gadar ta gaske. Shugabar makaranta ta ce ta yarda, in ta gwada yaran ta ga sun iya, in kuma an sami wani malami da zai raka su. Gwajin bai dami Malam ba. Rakiyar ce ta hana shi sukuni, domin mutum ɗaya zuciyarsa take so ta shiga motar nan: Malamar aji uku, mai dariya ƙasa-ƙasa, wadda ko alli ya je aro wurinta sai harshensa ya ƙulle.

A taswira, kogin miƙe yake sambal daga dutse zuwa tafki. To, miƙaƙƙiyar hanya ba ta bi ta tagar aji uku, shi kuwa Malam a bayan Kogi yake gudu kullum, wai yana duba aiki. Yau a karkata kaɗan, gobe a ƙara, har kogi ya yi wata kwana da Allah bai halitta masa ba.

Ranar gwaji Shugaba ta fito da taswira a hannu, tabarau a kan hanci. Dutse ya faɗi tsawonsa bai yi tuntuɓe ba. Tagwaye suka ba da tarihin gada baki ɗaya. Malam har ƙwalla ta taru masa don alfahari.

“Saura ke, 'yata,” in ji Shugaba. “Malalo mu gani.”

Kogi ta zuba da gudu, ta wuce Gada, ta shawo kwana, ta tsaya cak ƙarƙashin tagar aji uku.

“Me ya tsayar da ke?”

“Nan kogi yake hutawa, Mama.”

Shugaba ta juya taswirar sama da ƙasa. “Ni tawa babu wurin hutu.”

“Akwai mana! Nan ne Malam yake gyara wuyan rigarsa, ya yi tari, sannan mu wuce.”

Dutse ya ɗaga hannu daga zaune. “Amma in tagar a rufe take, Mama, kogi ba ya hutawa. Wucewa yake.”

Tagar kuwa a buɗe take. Malamar tana tsaye a jikinta, ta toshe baki da bayan hannu, kafaɗunta suna rawa. Malam ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, shi da takalmansa.

“Sannu da aiki, Malam,” in ji Shugaba. “Kakanni sun yi ta fama da kogin nan bai karkata ba, kai ka tanƙwara shi a zango ɗaya. Tafiyar nan ta zama dole, yaran su gan shi da idonsu kafin ka shigar mana da shi ofis. Ɗan rakiya kuma, malamin lissafi ya ce ba shi da aiki ranar.”

Malamin lissafi! Mutumin da ko kyawun faɗuwar rana ka nuna masa sai ya duba agogo. Malam ya ga abin zai kuɓuce masa. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Ya taka har bakin tagar.

“Malama, don Allah, ko za ki raka mu?”

Ta dube shi daga sama har ƙasa. “Ashe kana magana? Ni na zaci tarin kaɗai ka iya. Har na fara nema maka magani.”

Yaran suka fashe da dariya, Gada ta saki hannu ta rushe.

“Za ki je?” ya sake tambaya, muryarsa kamar ta ɗan aji biyu.

“Zan je,” ta ce, tana karkaɗe alli daga yatsunta. “Amma ni zan riƙe taswira. Kai ba a ba ka amanar hanya.”