Yaron da Ba Shi da Gurbin Uba

"Mayar da shi yadda na zana," in ji Shugaba Pyo, yana buga allon kwamfutarta da yatsa.

Gong Mi-ryeong ba ta motsa ba. Kamfaninsu da ke birnin Daejeon yana haɗa wa makarantun renon yara manhajar rajista, ita aka ba aikin rubuta wani sashe na manhajar, abin da masu sana'ar ke ce wa aji, mai suna Yaro. Duk wanda ya koyi wannan sana'a a nan da kaskon burodi mai siffar kifi aka koya masa ita, irin wanda ake gasawa a bakin titi da wake ko madara a cikinsa: aji shi ne kaskon, kowane yaro da kwamfuta ta ƙirƙira kifi ne da ya fito daga cikinsa. A zanen Pyo kuwa, kaskon ba ya rufuwa sai an zuba sunan uba. Ita ta cire wannan sharaɗin, ta sa gurbin mai kula da yaro, uwa ce ko kaka ko wa.

"Shugaba, akwai yaran da ba su da uba."

"Sai a rubuta 'babu'. Mene ne abin wahala?"

"Sai malama ta buga katin yaro, ya fito da 'Uba: babu' rataye a wuyansa?"

A nan ƙarami ba ya musu da babba a gaban mutane, sai dai ya sunkuya ya ce to, in ya so ya je ya huce haushinsa a banɗaki. Ga shi kuma Juma'ar nan Pyo ne zai sa hannu a sabunta kwangilarta, kuma kowa ya sani. Na kusa da ita ya ƙura wa allonsa ido kamar mai karatun jarrabawa, matsoracin banza.

Pyo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Malama Gong, yaushe kika zo duniya? Kasko kasko ne. Kifi ɗaya yake fitarwa, da kai da wutsiya."

"Haka ne, Shugaba. Amma mai gasawa ba ya jefar da kifi don ba wake aka zuba masa ba."

Wallahi tsoro take ji, amma haushi ya fi tsoron yawa. Shekara huɗu tana cika wa 'yarta Da-som takardu, kullum sai ta tsaya a wannan gurbin, ma'aikaciya na kallonta da tausayin da ba ta roƙa ba.

Ta jawo madannai. A gabansa ta rubuta gwaji: sabon yaro, suna Gong Da-som, mai kula Gong Mi-ryeong. Ta danna. Allon ya nuna kore, ba kuskure ko ɗaya.

Pyo ya karanta sunayen biyu.

"Za mu yi magana ranar Juma'a," ya ce, ya koma kujerarsa.

"To, Shugaba." Ta sunkuya masa daidai yadda ladabi ya ce, sannan ta tura aikin ga sauran ma'aikata yadda yake, ba ta taɓa ko harafi ba.

Da aka tashi, ta tsaya wurin tsohuwa mai kasko a gaban makarantar 'yarta. Da-som ta fito da gudu, jaka na rawa a bayanta.

"Umma, mai wake ko mai madara?"

"Duka biyun," in ji Mi-ryeong. "Yau ba wanda za a bari."