Ƙahon da Aka Yi wa Maigandi

Ƙanena Maigandi shekara talatin yana dillancin shanu a kasuwar Potiskum, da ƙafarsa yake ci. Ciwon suga ya toshe masa jijiyar jini a ƙafar hagu, har babban yatsa ya fara baƙi. Muka kai shi Kano. Likita ya ce in jini bai ratsa ba, ƙafar za a yanke.

Ba su tsaga shi ba. Huda suka yi a matsematsinsa, suka zura wata siririyar waya ta cikin jijiya har inda ta toshe, suka buɗe wurin. Idonsa biyu aka gama. Da za a sallame mu, likita ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ƙwayoyin nan tsinka jini suke yi. Ko aski zai yi a kula, in ya yanke jinin ba ya tsayawa da wuri." Na ce na ji. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Muka dawo unguwarmu Hausari, 'yan dubiya suka cika zaure. Kowa so yake ya ga ɗinki. Babu ɗinki, sai filasta da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, a wurin da namiji ba ya buɗewa a gaban mutane.

Bilyamin, abokin dillancinsa, ya ce, "Alhaji, aiki aka yi maka ko allura? Ni da aka cire min ƙaba, sai da na yi wata ina tafiya kamar agwagwa."

Zaure ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe min. Maigandi ya sunkuyar da kai.

Yayarmu Ya Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mataccen jinin ina ya tafi? Wa ya ga an fitar da shi? Yana nan ciki."

Ranar Laraba ina kasuwa, ta aika garin Nangere aka kira Tanko wanzami. Ya yi wa Maigandi tsaga shida a sharaɓa, ya kafa ƙaho. Maigandi da kansa ya miƙa ƙafar, don maganar Bilyamin tana cinsa.

Da hantsi Raudatu matarsa ta kira ni tana kuka. Na tarar da tabarma jiƙe sharkaf, Tanko yana danna tsumma na uku. Leɓen Maigandi ya yi fari.

Na ce, "Tanko, wa ya ce ka taɓa ƙafar nan?"

Ya ce, "Alhaji, shekara arba'in ina ƙaho, ban taɓa ganin jini kamar ruwan famfo ba."

Ya Kaka ta ce, "Ka gani ko? Yana ta fita. Na ce yana ciki."

Na ce, "Yaya, jinin ransa ne yake fita. Ki matsa."

Na yage rawanina na ɗaure wurin, muka sa shi a keke napep sai asibiti. Aka ɗinke, aka ƙara masa jini leda biyu. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa yatsun ta ce da ɗumi, ƙafar tana nan. Sannan ta dube ni ta ce, "Ba a gaya muku irin maganin da yake sha ba?"

Na ce, "An gaya min."

Maigandi ya buɗe ido ya ce, "Yaya, an gaya maka?"

Har yau in na tuna, da kaina nake fara faɗa kafin in kai kan Ya Kaka.

Sati uku ya koma kasuwa da ƙafarsa. Jiya na hango shi a bakin turke, ya ɗage wando yana nuna wa Bilyamin ɗinki shida, Bilyamin yana girgiza kai yana cewa, "Yanzu kam an yi aiki." Na je na sauke wandon da sandata, na ce duk wanda ya sake neman ganin ɗinki a gidanmu, ya fara zuwa wurina.