Tabarmar Lafaele

"Har yanzu suna nan?" Malam Tanielu ya tambaya, idonsa a rufe.

Sieni ta ɗaga asabarin ganyen kwakwa ta leƙa. Suna nan. Dangin Lafaele masunci suna zaune a kan ciyawa tun fitowar rana, kawunansu a sunkuye, itace da duwatsun gasa nama a jibge a gabansu bisa al'adar neman gafara ta ƙauyen, wato in an ga dama a gasa su kamar aladu. A tsakiyarsu Lafaele kansa ya durƙusa, an lulluɓe shi da lallausar tabarmar gado. Ɗansa ne ya sha giya ya take Pesa, autan Malam, da mota har lahira. Ɗan nasa yana hannun 'yan sanda, uban ya zo neman gafara. Ba zai tashi ba sai mai gidan nan ya yaye tabarmar da hannunsa.

"Suna nan, Malam," ta ce.

Mikaele, babban ɗan Malam, yana jingine da ginshiƙi yana goga adda a dutse. "Rana ta gasa su, ta rage mana aiki."

Sieni maƙwabciya ce kawai, ita ke dama wa Malam koko tun da ciwo ya kwantar da shi. Amma ta san abin da kowa ya sani a ƙauyen. Idan numfashin Malam ya tsaya tabarma tana rufe da Lafaele, Mikaele ne mai gida, kuma Lafaele yana da sauran 'ya'ya maza da za a iya ramawa a kansu.

"Sieni, kin tuna ajin Lahadi? Me Dauda ya yi da ya ji abin da ɗansa Amnon ya yi wa ƙanwarsa?"

"Ya yi fushi ƙwarai."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan, Malam. Bai ce komai ba."

"To, sai ɗaya ɗan nasa, Absalom, ya yi wa Amnon magana da wuƙa." Ya yi tari mai tsawo, ta share masa baki. "Shekaru ina koya muku wannan, ina ganin sakacin Dauda. Yau tun safe nake kwance ina yin irin nasa."

"Baba, wa'azi ya ƙare," in ji Mikaele. "Pesa yana cikin ƙasa."

"Na sani, ni na haife shi. Zo ka ɗauke ni."

"Ka yafe ke nan?"

"A'a. Na duba zuciyata, ban ga gafara ba ko ƙwaya ɗaya. Hannuna zan fara aikawa. Zuciyar kuma Allah ya san yadda zai yi da ita, ya yi da ta waɗanda suka fi ni taurin kai."

Mikaele bai motsa ba. Sieni ta sa hannu a ƙarƙashin kafaɗar tsohon ta fara ɗagawa.

"Goggo, za ki yar da shi."

"To, a gaban mutane zan yar da shi, su ga yana da ɗa."

Ya dube ta, ya dubi addar. Sannan ya jingine ta, ya sunkuci ubansa da hannu biyu kamar jariri.

Da suka sauka daga dandamalin duwatsun gidan, babu wanda ya ɗago kai. Mikaele ya tsaya a gaban tabarmar, ya ƙi sunkuyawa.

"Rage tsawo, ɗana, hannuna gajere ne."

Ya rage kaɗan. Yatsun Malam suka lalubi gefen tabarmar suka damƙe.

"Lafaele," ya ce, muryar da ƙyar take fita, "ko ta cikin tabarma ina jin ƙarnin kifinka."

Daga ƙarƙashin tabarmar aka ji kukan Lafaele. Malam ya ja, tabarmar ba ta gusa ba. Ya sake ja. Sai Sieni ta ga kansa ya kwanta a ƙirjin Mikaele, ƙirjin Malam kuma bai sake tashi ba. Yatsun dai ba su saki ba.

Mikaele ma ya san ubansa ya cika. Yana iya ɓamɓare yatsun nan, babu mai hana shi. Ya daɗe a tsaye, haƙoransa a cije. Sannan ya juya a hankali ya nufi gida da ubansa, tabarmar ta zame daga bayan Lafaele, tana bin su a kan ciyawa.