Minti Uku a Bayan Gilashi

Aikin Injiniya a cibiyar binciken shi ne zama a bayan gilashi yana sarrafa mutum-mutumin da ake nazarin yara da shi. In yaro ya yi dariya, sai ya danna maɓalli, fuskar roba ta murmusa. Da aka rasa cikon yara, shi da kansa ya kawo autarsa mai shekara biyu da rabi, wadda ko uwarta ba ta yarda su haɗa ido.

Cikin sati shida Auta ta sake. Tana shafa kumatun robar, har ta kira abin "Yaya". Kalmarta ta farko ke nan a duniya.

Ranar gwajin ƙarshe Likita, shugabar binciken, ta shigo da takarda a hannu.

"Baban 'yan biyu, yau babbar 'yarka ta roba za ta yi gaba da ƙaramar. Minti uku fuska a daskare, kada ka taɓa komai."

"Likita, a tsallake tawa mana. Kin san yadda take."

"Yara goma sha uku ka yi wa haka da hannunka, ban ji ka ce a tsallake ba. Su ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Ya ɗauke hannu daga maɓallan.

Auta ta miƙa ƙwallo, ba a karɓa ba. Ta leƙa fuskar, ta ja yatsan robar, ta ce "Yaya" sau huɗu, kowanne ya fi na baya rauni. A minti na biyu ta fashe da kuka. Injiniya ya kai yatsa kan maɓallin murmushi. Ya san in ya danna, ya amsa ke nan cewa zalunci ya yi wa goma sha ukun can, yana sane. Bai danna ba.

Kafin lokaci ya cika kukan ya tsaya. Yarinyar ta juya ta fuskanci bango, ta zauna tana jijjiga jiki.

Agogo na bugawa ya danna duk abin da ke gabansa: murmushi, ɗaga hannu, muryar da ke kiran sunanta. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Wasu sukan dawo daidai bayan kwana biyu," in ji Likita tana rubutu.

"Sauran fa?"

Ta rufe biro, ta ce ya shiga ya ɗauko 'yarsa, ana jiran ɗakin.