Dukan da Aka Yi wa Farfesa Meng a Gidan Mai

Muntaka magidanci ne, yana digiri na uku a lissafi, yana kuma tuƙa tasi a garin Sterling, kusa da Washington. Wata Talata a 1983 aka tura shi filin jirgin Dulles ya ɗauko Farfesa Meng Ruilin, wani dattijo daga Sin da ƙungiyar masana lissafi ta gayyato Washington don ta ba shi lambar girmamawa. Tun a mota hirar lissafi ta ɓarke tsakaninsu.

Suka tsaya gidan mai. Farfesa ya fito ya miƙe ƙafa. Wasu ƙartin Turawa biyu na jingine da a-kori-kura, suna shan giya da rana tsaka.

"Kai, ɗan Japan!" in ji mai jar hula. "Motocinku ne suka raba mu da aiki."

"Daga Sin nake," Farfesa ya ce a hankali.

Bai rufe baki ba kwalba ta fashe a goshinsa. Ya faɗi, jini ya rufe masa ido. Ɗayan ya taka hannunsa na dama da takalmi, ya murza. Daga inda Muntaka yake zuba mai ya ji ƙarar ƙashi.

Bai san lokacin da ya zaro ƙarfen kwance taya ba. Ya maka wa mai jar hula a gwiwa, mutumin ya zube yana ihu. Na biyun ya naushi Muntaka a baki, haƙora biyu suka fita, ya shaƙe shi ya yi ta buga kansa da jikin mota. Sai da mai gidan man ya harba bindiga sama, sannan Turawan suka ja juna suka tsere.

A asibiti wata nas 'yar Filato, Kaneng, ta wanke wa Muntaka baki tana faɗa. "Sannu, ɗan'uwa. Da sun kashe ka fa?"

Aka ɗinke goshin Farfesa, aka ɗaure yatsu uku. Likita ya ce ya kwanta, ya ƙi.

Washegari ya hau dandamali da bandeji, ya karɓi lambar da hagu. Da lokacin laccarsa ya yi, ya kira Muntaka daga kujerun baya, ya miƙa masa alli.

"Zan faɗa, ka rubuta."

Minti arba'in Muntaka na rubutu, baki a kumbure. A allo na uku Farfesa ya tsayar da shi, ya ce ya manta alamar ɗebewa. Muntaka ya goge, ya gyara, suka ci gaba.

Har Farfesa ya koma gida ba a kama mutanen ba.