Kimba Shandong

Tun da Kimba ya dawo daga ƙasar Sin, babu mai kiransa da sunansa kaɗai a Suame Magazine, unguwarmu ta makanikai. Kimba Shandong ake cewa, don a nan duk wanda ya yi doguwar tafiya, sunan wurin yakan manne masa. Ni kuwa ban taɓa wuce Tamale ba.

Tare muka koyi kanikanci. Shi ya koma sayar da kayan manyan motoci, ni na zauna a ƙarƙashin motocin ina gyara, ina karanta duk abin da ya faɗo hannuna. Kafin ya tafi, ya nuna mini wani kwali mai rubutu, ya ce, "Masta Mukhtari, mene ne Shandong ɗin nan?"

Kwana uku na yi ina bincike. Na gaya masa lardi ne, sunan kuma yana nufin gabas da duwatsu, don yana gabashin tsaunukan Taihang. Na yammacinsu ana ce masa Shanxi.

Da ya dawo, wata ranar Juma'a bayan masallaci muka haɗu a bencin mai shayi a unguwar Alabar, inda shekara goma ni ake tambaya in gardama ta tashi. Na tarar da Kimba yana maimaita maganata, kalma ba ta faɗi ba.

"Wani tsoho ne ya gaya mini a can," in ji shi. "Ya kama hannuna, ya nuna mini duwatsun."

Kassim direba ya tafa. "Allahu Akbar! Mukhtari, kai da ka cinye takardu, haka ne?"

Shayin ya yi mini ɗaci. Na san taswirar: tsaunukan ba ma a cikin lardin suke ba. Magana ɗaya za ta zubar da shi. Amma na tambayi kaina, don gaskiya zan faɗa, ko don in ga fuskarsa ta faɗi? Na san amsar, ba ta yi mini daɗi ba. Kimba yana kallona ta saman kofi, bai ƙifta ba.

"Ma'anar haka take," na ce.

"Kun ji! Har Masta ya yarda," in ji Kimba, ya buga mini kafaɗa.

Can aka fara musu kan ko ruwan teku yana daskarewa. Na gyara murya. Duk kawunan suka juya wajen Kimba.