Gwiwar Liman Kalilu

Malam Kalilu ya daɗe yana limancin masallacin unguwarsu a cikin garin Daura, tun masallacin yana na ƙasa da rufin azara har aka rushe shi aka gina na bulo. Dogo ne marar jiki, mai saurin tafiya, kuma bai taɓa zama mutumin da ake jira ba. Da safe yana karantar da magidanta fiƙihu a zaurensa, da yamma ya leƙa gonarsa ta hanyar Baure a kan babur.

Ciwon ya fara masa a gwiwar hagu, a hankali, har bai iya tuna lokacin da ya soma ba. Da fari ƙara kawai take yi in zai tashi daga sujada, kamar an taka busasshen kara. Daga baya ta riƙa kumbura, in ya zauna tahiya sai ya ji kamar ana murɗa masa ƙusa a ciki. Bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa dafa ƙasa da hannu biyu in zai miƙe, yana jan kabbara don ta rufe jinkirin.

Matarsa Barakatu ce ta fara lura, don ita ke ganin yadda yake fitowa daga banɗaki yana dafa bango. Ta shafa masa man kaɗanya, ta gasa wurin da tsumma da ruwan zafi. Wani makiyayi ɗalibinsa daga garin Babban Mutum ya kawo man shanu da saiwoyi. Wanzami ya yi masa ƙaho. Kowanne sai ya ji sauƙi na ɗan lokaci, ciwon ya dawo. Ya koma sayen ƙwayar kashe zafi a kemis ɗin Ekene da ke bakin titi, har cikinsa ya fara yi masa zafi. Ekene da kansa ya ce masa, cikin ladabi, wannan ƙwayar ba ta shan kullum ba ce, gara ya je asibiti. Malam ya yi masa godiya, ya canza kemis.

Abin da ke hana shi barci ba zafin ba ne. Shi ya sha karantar da mutane a zaurensa cewa wanda ya gaza yin rukunan salla ba ya jan masu iyawa. Ya san hukuncin, ya san inda yake a littafi, ya san kuma gwiwarsa can take kai shi.

Wata ranar Talata a sallar La'asar abin ya faru. A raka'a ta uku ya yi kabbarar tashi daga sujada, sahu duka ya miƙe, shi kuwa gwiwar ta ƙi buɗewa. Ya yunƙura, zafi ya soke shi har cikin ƙugu, ya koma ƙasa. Masallacin ya yi tsit. Yana jin numfashin mutane a bayansa, suna tsaye suna jiran limamin da ke zaune. Da ƙyar ya miƙa hannu baya ya ja gefen rigar na'ibinsa, Malam Hussaini, wanda ya matso gaba ya ƙarasa da jama'a. Shi kuma ya idar da tasa a zaune, ƙafa a miƙe, gumi na bin gemunsa.

Mutum biyu suka riƙo shi zuwa gida. Bai ci tuwon dare ba. Barakatu ba ta nemi izininsa ba ta kira 'yarsu Zaituna, wadda ke aiki a sashen gashin ƙashi a wani asibiti a Katsina.

Washegari da hantsi Zaituna ta iso. Ta same shi a kan tabarma a ɗakinsa, ya lulluɓe ƙafar da mayafi. Ya ce mata gajiya ce kawai, ba sai ta bar aikinta ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta bar shi ya gama, sannan ta roƙe shi ya yarda ta duba. Nauyi yake ji a ce 'yar da ya goya ce za ta naɗe masa wando. A ƙarshe ya kawar da kai wajen taga ya janye mayafin.

Ba da gwiwar ta fara ba. Ta ce tana so ta san ko ciwon ya bazu a sauran gaɓoɓi ne ko wuri ɗaya ya tsaya. Ta ɗaga hannunsa ta juya shi gaba da baya da kewaye, tana gaya masa cewa kafaɗa da kwatangwalo irinsu ɗaya, kan ƙashi ne mulmulalle da ke zaune cikin rami, shi ya sa suke juyawa ko'ina. Ta sa shi ya waiga dama da hagu kamar mai sallama, ta ce a saman wuya ƙashi ne ke juyawa a jikin ɗan'uwansa. Ta lanƙwasa wuyan hannunsa, inda ƙananan ƙasusuwa ke zamewa a kan juna, ta sa ya taɓa kowane yatsa da babban yatsansa. Duk lafiya lau. Har ya fara sakin fuska, ya tambaye ta ko akwai mahaɗar da ba ta motsi. Ta ce akwai, a ƙoƙon kai, inda ƙasusuwa suka cije juna tun ƙuruciya.

Da ta zo kan gwiwar sai ta rage magana. Ta ɗora tafinta a kai, ta naɗe ƙafar a hankali. Ba ta kai rabi ba ya damƙe gefen tabarma. Ita ma ta ji gurzar a ƙarƙashin hannunta.

"Baba, ita gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take," in ji ta. "Naɗewa da buɗewa ne aikinta. Akwai guringuntsi da ke hana ƙasusuwan cin juna, ina jin naka ya zaizaye."

Ya tambaye ta ko yana sake tsirowa. Ta ce a'a.

Hoton ƙashin da aka ɗauka a Katsina ya tabbatar da maganarta. Likitan ya ɗaga shi a gaban haske ya nuna musu inda ya kamata a ga tazara tsakanin ƙasusuwan biyu. A ta hagu babu, sun haɗe, ta dama ma ta kama hanya. Ya yi bayanin motsa jiki, da sandar dogarawa, da allura a cikin gaɓar, da aikin da ake yi a Kano a sa gwiwar ƙarfe. Malam Kalilu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Likita, in an yi aikin, zan sa goshina a ƙasa in zauna tahiya kamar da?"

Likitan ya dubi Zaituna kafin ya amsa. Ya ce zafin zai ragu sosai, zai yi tafiya, amma irin wannan naɗewar ba zai yi masa alkawarinta ba.

Suka hau motar komawa Daura. Zaituna na gefensa tana kallon gonakin gero na wucewa, tana jin haushin kanta da ta yi shekaru tana gyara gwiwoyin baƙi ba ta lura da ta mahaifinta ba.

Da suka iso ya aika a kira masa Malam Hussaini da dattawan unguwa. Sun zo da shawarar a jira ya warke, Hussaini ya riƙe na wucin gadi. Ya ce musu ba warkewa ake jira ba, kuma ba zai bar sallar mutane a rataye da gwiwarsa ba. Ya miƙa wa Hussaini limancin a gabansu, ya yi masa addu'a. Hussaini ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga. Bayan sun fita, Barakatu ta shigo don ta kwashe kofunan shayi, ta tarar da shi ya juya fuska bango, ta fita ba ta ɗauka ba.

Ya yi makonni bai je masallaci ba. Yana jin kiran salla ta lasifika, ya yi tasa a gefen gado. Ya gaya wa Barakatu cewa abin da ya fi ci masa rai shi ne ya sunkuyar da kai ya ji babu abin da goshinsa ya taɓa. Zaituna na kira kullum tana tambaya ko ya yi motsin da ta koya masa, na miƙe ƙafa a ɗaga a riƙe. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ce mata ya yi.

Wata Azahar ya ɗauki sandar da ya daɗe yana ƙi, ya fita. Tafiyar da a da ba ta ɗaukarsa komai sai da ya huta a cikinta. An riga an ajiye farar kujerar roba a ƙarshen sahun farko, jikin bango. Bai tambayi wanda ya ajiye ta ba. Mutane suka taso gaishe shi, ya ɗaga musu hannu su zauna. Da aka tayar da iƙama ya miƙe ya yi kabbara a bayan Hussaini, ya yi ruku'u da jama'a. Da suka tafi sujada shi ya zauna a kujerar, ya sunkuya iyakar iyawarsa, yana ganin bayan mutane a ƙasa duk faɗin masallacin.

Maganar aikin Kano tana nan ba a yanke ba. Duk zuwan Zaituna sai ta tayar da ita, shi kuma ya ce ta bari a ga bayan damina.